Kada Ki Yarda Da Hantsin Lyon

Bobigny, ranar Talata.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin lafiya ta gaskiya, ba irin wadda kike ba ni a tarho ba. Yaya baƙunta, yaya karatu, yaya 'yan ɗakinku? Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya tsare miki ƙirjinki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin abin da kike gani da wanda ba ki gani. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Mu nan sai godiya.

Ba labari zan ba ki ba, gidan yana nan yadda kika bar shi wata guda da ya wuce. Mantonki, babbar rigar sanyin nan taki, ma yana nan. Na same shi a kujerar bayan motar babanki da muka dawo daga gar, tashar jirgin ƙasa, a ninke tsaf, yadda mai mantuwa ba ya ninke kaya. Babanki ya ce mantawa kika yi. Na ce masa to, don kada zance ya yi tsawo, amma ai ni na haife ki. Abin da ba ki sani ba, a aljihunsa na ciki na sa miki abin shaƙarki na biyu, saboda ranar da na jakarki zai ƙare. Ban kuma manta abin da kika faɗa mini a bakin jirgi ba, da na ce ki naɗa gyale a wuya: "Haba Mama, ni fa ba jaririya ba ce. A ƙasar nan aka haife ni, na fi ki sanin sanyinta." Ga mutane, kuma amsar da nake da ita ba mai shiga cikin minti biyu ba ce.

Sai ga shi ranar Lahadi da kika kira na ji kin yi tari sau biyu. Kin rufe bakin tarhon da hannu, wannan ma na ji. Na ce yaya sanyi, kika ce, "Ça va, Mama, lafiya lau." Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Na san ƙirjinki, na san yadda ya kwantar da ke mako guda bara, lokacin yajin aikin masu jirgin ƙasa da metiro, da kika dinga tafiya lakwal, makarantarku, a ƙasa. A lokacin kina ɗakin da ke kusa da nawa, ina jin numfashinki ta bango. Yanzu ba ni da bangon, sai abin da kika ga dama kika faɗa mini. Shi ya sa na zauna in rubuta miki amsar da ban ba ki a gar ba. Doguwa ce, ki nemi wuri mai ɗumi ki zauna.

Kin san a Lyon aka haife ki, amma ba ki san Lyon ɗin da na sani ba, don kina 'yar shekara uku muka dawo Paris. Na isa can ina 'yar shekara ashirin, da cikinki wata huɗu, babanki yana karatu. Ɗakinmu guda ne, a hawa na biyar a unguwar Guillotière, can ƙarƙashin rufi. Na zo da takardar shaidar koyarwa, na iya faransanci har ina gyara wa babanki rubutu, saboda haka na ɗauka babu abin da ƙasar nan za ta koya mini. Ashe baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Abin da na fara yi na wauta shi ne duban gabas. A Damagaram ko ƙaramin yaro ya san hadari daga gabas yake tasowa. In Inna, mahaifiyata wadda kika ci sunanta, za ta shanya hatsi ko wanki, sai ta fito tsakar gida ta ɗaga kai gabas. In ta ga fari tas ta shanya abinta ta tafi unguwa hankali kwance. Tagar ɗakinmu kuwa gabas take kallo, ga igiyar shanya a jikinta ta waje. Kullum in leƙa in ga sama garau, in shanya rigunan babanki in sauka kasuwa. Kafin in dawo ruwa ya zo ta bayan gida, ta inda ban taɓa tunanin dubawa ba, ya sake wanke mini su. Sau nawa bawan Allah ya tafi makaranta da riga mai danshi yana cewa ba komai! Ni kuwa ina ta mita, ina cewa ruwan ƙasar nan ba shi da tarbiyya, ba ya sallama.

Wadda ta cece ni maƙwabciyarmu ce, Madam Odet, wata tsohuwa da ta ƙare ƙuruciyarta a masaƙar siliki, ga faɗa ga kirki. Rannan ta gan ni ina matse riguna a bakin ƙofa, ta kama hannuna ba ko sannu, ta sauko da ni har bakin kogin Rhône. Ta dafa kafaɗuna ta juya ni kamar ana juya akuya a kasuwa, ta nuna mini tudun nan mai coci a kansa. Ta ce, "Yarinya, can za ki duba. Daga teku yake zuwa, ta bayan tudun nan. Wanda kike kallo ta tagarki ya riga ya wuce." Na ji kunya ƙwarai. Amma sabo turken wawa, har yau in na fito ƙofar gida wuyana gabas yake fara juyawa, sai na tuna in dawo da shi.

To ke ki duba yamma. Ga kuma yadda abin yake tafiya a Lyon, na haddace shi kamar karatun allo, ko da yake a makare na haddace. Da farko iska za ta taso daga kudu ta biyo kogi, mai ƙarfi amma mai ɗumi, tana buga tagogi, tana sa mutane ciwon kai da saurin fushi. Kwana ɗaya, biyu, wani lokaci uku. Za ki ga samari sun rataya manto a kafaɗa, masu gidan kafe sun fito da kujeru waje, a tsakiyar lokacin sanyi. Daga nan sama ta yi toka-toka ta yamma, ruwa ya sauko. Yana ɗaukewa iska ta juya ta koma arewa, sama ta washe, a nan ne sanyin gaske yake sauka. Bayan 'yan kwanaki a sake sabon lale. Garin da kika fita a cikinsa da safe ba lalle shi za ki tarar da yamma ba. Saboda haka in kin ji iskar kudu ki san ɗumin nan aro ne, ki fita da mantonki ko da a hannu za ki riƙe shi.

Shi kansa ruwan ya daɗe yana ruɗa ni. Kin je Damagaram sau biyu kacal, kuma a gidan kawunki mai famfo kika sauka, ba ki san yadda ruwa yake a wurinmu ba. Na tashi ina ganin mata suna layi da garwa tun sassafe. In hadari ya haɗu, duk wani tulu da kwano da ke gidan sai an jera shi ƙarƙashin indararo, ranar ruwan fari kuwa ba mai shiga ɗaki. Yau ga ni a garin da koguna biyu suke ratsawa, ruwa yana wuni yana zuba a kwalta ba mai ko kallonsa. Wallahi na sha tsayawa a taga ina hawaye, ina cewa da ma ana naɗe ruwa da na naɗe wannan na aika wa Inna. Laima kuwa ban ɗauke ta abin arziki ba, a ganina gudun ruwa butulci ne. Sai in tako a cikinsa tun daga kasuwa har gida, in zauna da jiƙaƙƙen zane ina gyaran kayan miya. Na manta ruwan gida a kan ƙasa mai zafi yake sauka, ya jiƙa mutum, rana ta fito ta busar da shi. Na nan ƙashi yake shiga ya zauna. Na yi makonni ina tari, ga ki a hannu ina shayarwa.

Ke mai koyon haɗa magani, na san kin fi ni sanin sunan kowace ƙwayar cuta, har da na latin. To duk da haka ki saurari wadda ta sha dukan ruwa. Ki sayi laima ƙarama ta zauna a jakarki, ba a bayan ƙofa ba. In safa ta jiƙe ki cire ta nan take, kada ki ce sai an tashi daga aji. Ki cusa tsohuwar jarida a cikin takalmi ya bushe. Kada kuma ki jibge jiƙaƙƙun kaya a kan ƙarfen ɗumama ɗaki ki rufe taga ki kwanta, danshin nan a ƙirjinki zai ƙare. Waɗancan takalman naki na yadi da kike ji da su, ki ba su hutu sai zafi ya dawo.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin taso da ciwon ƙirji, kina yawo da abin shaƙa a jakar lakwal, kin sha tambayata me ya sa ke kaɗai cikin 'ya'yana. Na ce miki haka Allah ya yi ki. Gaskiya ne komai yin Allah ne, amma akwai sanadi, kuma ban taɓa faɗa miki shi ba.

An haife ki a watan Satumba. Na yi jegonki ni kaɗai, ba mai dafa mini ruwan wanka, ba mai dama mini kunun kanwa, sai babanki da ya ƙona tukunya biyu yana ƙoƙari. Da sanyi ya kankama, wani farin hazo mai danshi ya riƙa tasowa daga kogunan nan yana rufe gari. Disamba da Janairu kusan duk a ɗaki muka yi su ni da ke, fitila a kunne da tsakar rana. In ma rana ta leƙo, kafin in gama shirya ki ta koma. Uwani, na yi kewar rana kamar yadda ake kewar mutum.

A gida, lokacin ɗari, maganin sanyi hantsi ne. Da safe Inna za ta shimfiɗa tabarma jikin bangon da rana take fara bugawa, kowa ya fito da kokon kununsa, tsofaffi da yara har da kaji. Sanyin da ya hana mutum motsi da asuba, kafin a shanye kunu ya narke. In jariri yana mura sai ta kwance shi, ta shafa masa man kaɗanya a ƙirji, ta miƙa shi ga rana tana masa wasa. Takan ce hantsi leƙa gidan kowa, maganin da ba a saye. Haka aka yi mini, haka na ga an yi wa ƙannena duka, ba wanda bai warke ba.

Cikin Fabrairu, kina wata biyar, iskar kudu ta taso ta yi kwana uku. Gari ya yi ɗumi, na buɗe taga, na ji kamar an sake ni daga kurkuku. A wurinmu in sanyi ya tafi ya tafi ke nan sai baɗi, ba ya dawowa ɗaukar abin da ya manta. Sai na wanke kayanki na ulu duka, na ninke, na tura cikin akwati ƙarƙashin gado. A rana ta huɗu ruwa ya wuni yana zuba, ke kuma kika tashi da 'yar mura. Washegari na buɗe labule na ga abin da na yi wata uku ina roƙo. Sama shuɗiya tas, ba ko ɗigon gajimare, rana ta cika ɗakin har kan gado.

Babanki ya riga ya fita. Na sa miki 'yar rigar atamfa da hula, na goya ki, na sauka bakin kogi na sami benci mai kallon rana. Iska tana yanka mini kunne. Ruwan jiya ya daskare a ramukan hanya, har na taka wani ya fashe. Na gani, ba zan ce ban gani ba. Amma na ce wa kaina ai hantsi ne bai gama ɗagowa ba, bari ya ɗago. Na kwance ki, na ɗage miki riga, na shafa miki man kaɗanyar da na zo da shi daga gida, na miƙa ƙirjinki ga rana. Kika yi kuka kaɗan, sannan kika yi shiru, na ce kin ji daɗi ne. Na rufe idona. Ɗan ɗumin da ke taɓa fuskata ya mayar da ni jikin bangon Inna, har ina jin kamar ana daka a gidan maƙwabta. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

Ihun Madam Odet ne ya buɗe mini ido. Tana dawowa daga kasuwa ta hango mu, ta yar da kwandonta, dankali yana gangarawa. "Kin haukace ne? Rufe ta! Rufe ta!" Tsohuwa mai shekara saba'in ta tuɓe mantonta a cikin wannan iska, ta fizge ki ta naɗe, ta nufi gida da sauri. A lokacin na ga leɓɓanki sun sake launi. Ina bin ta a baya kamar sakarya ina cewa, "Madam, rana ce fa, rana ce." Ta juyo ta ce, "Wannan ranar fitila ce kawai, babu wuta a cikinta."

Washegari da la'asar numfashinki ya koma kamar ana jan zarto. Muka kai ki asibiti, suka ce limoniya ce, sanyi ya kama miki huhu. Kwana goma sha ɗaya kika yi a cikin wata rumfar roba da suke hura wa iska, ina tsaye bayan gilashi, nono yana jiƙa mini riga, ba damar in ɗauke ki. A kwana na uku likita ya kira babanki gefe, na ga yadda babanki ya dafa bango. Allah ya yi da sauran kwananki. Daga baya likitoci sun ce ba lalle wannan ne ya jawo miki ciwon da kika taso da shi ba. Su suka sani, su suka yi karatun. Ni dai na san wa ta ɗage rigar. Babanki ya ji komai daga bakin Madam Odet tun a makon, kuma shekara goma sha tara bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko a cikin faɗa, kuma kin san muna yi.

Don haka ki riƙe wannan ko kin watsar da sauran. A lokacin sanyin ƙasar nan, ranar da sama ta fi kyau ita ta fi cizo, musamman washegarin ruwa. Kada ki auna gari ta bayan gilashi. In kina so ki san abin da za ki sa, leƙa ki ga tsofaffin matan unguwa masu zuwa sayen burodi, abin da suka sa shi za ki sa. Kada ki dubi 'yan ajinku masu fita da 'yar riga, su ƙirjinsu bai taɓa kwana a rumfar roba ba. Na san na ishe ki. Na bi ki da manto har ƙofar lakwal ƙawayenki suna dariya, na sha ganin kin cire hula da kin sha kwana. Kin ce ke ba jaririya ba ce, kuma gaskiyarki. Laifin idona ne, duk sanda rana ta fito cikin sanyi kika nufi ƙofa, waccan jaririyar ta kan benci nake gani.

Da a nan kuskurena ya tsaya da da sauƙi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wanda na yi bayan an sallame ki.

Inna ba ta karatun boko, ƙanena Laminu ne yake karanta mata wasiƙuna. Duk tsawon lokacin nan abu guda nake rubuta mata: muna lafiya lau, sanyi da sauƙi. Da kika fito daga asibiti ma haka na rubuta, ban ce komai ba. Har na ƙara da hoto. Na jira wata rana mai haske, muka je lambu, na cire manto na ba babanki ya riƙe a bayan mai ɗaukan hoto, na tsaya da atamfata da ɗankwalina ina murmushi, ke kuma na zare ki daga bargo na ɗan lokacin da za a danna. Ina so a zagaya da hoton a unguwa a ce Rabi tana Faransa tana jin daɗi. Na ce wa kaina don kada hankalin Inna ya tashi nake yi. Da wannan a ciki, amma mafi yawansa kunya ce da girman kai.

Bayan watanni wani ɗalibi ɗan garinmu ya dawo daga hutu, ya hawo benenmu da ƙunshi. A ciki akwai gwado, saƙar hannu, baƙi da fari, wanda na san shi a kan gadon Inna tun ina yarinya. Akwai kuma kaset mai muryar Inna. Bayan ta gama gaisuwa, ta gaida babanki, ta gaida har maƙwabtan da ba ta sani ba, sai ta ce:

"Rabi, na ga hoto. An ce kin yi kyau, to kin yi kyau. Amma na ga rana a fuskarki, na ga kuma yatsunki a dunƙule, kafaɗunki sun hau kunne. Takwarata kuma wuyanta ya yi tsawo, ɗan da ya ƙoshi ba shi da wuya. Kin ce lafiya lau. To, Allah shi sa haka. In da magana, ranar da kika so kya faɗa mini, ni ba ni tambaya. Ga gwado nan, ki rufe mini ita."

Labarin zuciya a tambayi fuska, ita har yatsu ta tambaya. Na saurari kaset ɗin nan na yi kuka har kika farka. Sannan na ɗauki takarda na rubuta: gwado ya iso, mun gode, kowa lafiya. Na ce irin wannan magana ba ta takarda ba ce, sai mun je gida in zauna kusa da ita in faɗa mata baki da baki. Bana ba hali, baɗi babanki yana jarrabawa, wata shekarar muna ƙaura zuwa Paris. Saura wata biyu mu tafi gida aka aiko Inna ta rasu. Ta cika alkawarinta, ba ta taɓa tambaya ba.

Da na je gaisuwa Laminu ya ba ni hoton, ya yi laushi don taɓawa. Ya ce duk lokacin ɗari in ta fito shan hantsi da shi take fitowa, takan kuma matsa gefe a tabarma ta bar wuri, ta ce na Rabi ne da takwarata. Ya ce ya taɓa ce mata, "Inna, in abin ya dame ki bari in rubuta in tambaye ta." Ta ce a'a. Ta ce ita ba tsoron labarin take ba, duk abin da ya faru ya riga ya faru. Abin da ke damunta, in ta ɗaga hannu bayan salla ba ta san me za ta roƙa wa yarinyar ba, sai dai ta yi ta roƙo a dunƙule kamar mai jifa a duhu.

Wannan maganar ta fi shekara goma sha biyar tana bi na. Na ɗauka ina sauƙaƙa mata ne, ashe na bar ta da damuwar, na kuma hana ta abu guda da take iya yi mini daga nesa. Da na ji kin rufe bakin tarho ranar Lahadi sai na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muryata na ji a bakinki, har da ɗan murmushin da ake sawa a ciki.

Ina kewarki, Uwani. Ban iya faɗin irin wannan da baki ba, ba haka aka tarbiyyantar da mu ba, to ga shi a rubuce. Har yanzu hannuna yana ɗebo shinkafar mutum biyar. Kullum bayan labarai in zauna gaban tele ina jiran mai bayanin yanayi, idona ba ya ko bi ta kan Paris, can ƙasa yake sauka inda aka rubuta Lyon. Shekaranjiya babanki ya tambaye ni ko za a yi ruwa gobe, na ce masa iskar kudu ce har Alhamis. Ya ce, "Hajiya, mu fa a Bobigny muke." Ya fita ba laima ya dawo a jiƙe. Mai bayanin ta nuna wani dogon layi yana tahowa daga teku, ta ce zai ratsa ku ranar Juma'a. Kin ga ke nan Asabar za ki tashi ki ga sama tas.

Gobe zan kai ƙunshi gidan waya, ya kamata ya riga layin nan isowa. Mantonki yana ciki, ki duba aljihun. Na je kasuwar Château Rouge na sayo miki citta da kanumfari da zuma, ki riƙa dafawa da safe. Akwai katin tarho, kada ki ce mini naki ya ƙare. Gwadon Inna ma yana ciki. Ya tsufa, na ɗinke gefensa wuri biyu, kuma na san ba zai dace da ɗakin 'yan jami'a ba. Ki shimfiɗa shi ƙarƙashin bargonki in kina jin kunyar ƙawaye, ba mai gani. Dama ke aka aiko wa, ajiya aka ba ni.

In tarin nan ya kai kwana uku, ko kika ji ƙirji yana kama ki a matakala, ki je wurin likita a ranar, kada ki tsaya auna kanki da littattafanki. Sannan ki faɗa mini. Ba zan ce ki dawo gida ba, ba zan ce ai na faɗa miki ba, na yi miki alkawari, kin kuwa san wannan alkawari ba ƙarami ba ne a wurina. Ni da Inna hamada ce da teku a tsakaninmu. Ni da ke jirgin awa biyu ne. In kin ce in zo zan zo da tukunyata, in kin ce in zauna zan zauna in yi addu'a, amma in san me nake roƙo.

Allah ya tsare ki daga sanyin da ake ji da wanda ake rainawa. Allah ya buɗe miki ƙirji, ya buɗe miki karatu, ya sa ki gama lafiya ki dawo mana lafiya. Allah ya ba ki maƙwabciya irin wadda ya ba ni. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya yafe mini shirun da na yi mata. Ki gaida 'yan ɗakinku.

Ranar Lahadi bayan la'asar ina zaune gefen tarho. Zan ce miki yaya sanyi, ki ce lafiya lau, ban hana ki ba, gaisuwa ce kuma ni na koya miki. Amma Inna ce ta ce ba ta tambaya, ni ban gaji haƙurinta ba. Zan sake tambaya ta biyu, kuma zan yi shiru in jira.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rabi